Kafin ka ce yaro daƙiƙi ne

Duk Oktoba, da an buɗe lakwal a Maradi, sabbin malamai na CI, wato ajin farko na firamare, suna maimaita abu ɗaya, kuma na gaji. Yaro bai amsa ba mako biyu, sai a ce daƙiƙi ne, a tura shi bencin ƙarshe jikin zana, bulala ta biyo baya.

Ƙanena, ka gwada kunnensa tukuna? A ƙasar da sanƙarau ke zuwa da rani, ƙyanda kuma ba ta ƙare ba, yara da yawa sun warke amma jinsu ya ragu. Wani kunnensa na zubar da ruwa tun yana goye. Ni abin da nake yi: in tsaya bayan yaro, in kira sunansa a hankali, ta dama, sannan ta hagu. Bayan haka in ba shi umarni da Hausa zalla, "ɗauko allo ka ajiye bakin ƙofa". In ya yi, to Faransanci ne ya tsaya masa, ba ƙwaƙwalwa ba. Wata yarinya da aka yi ta duka don "taurin kai", ashe farfaɗiya ce mai ɗauke hankali na ƴan daƙiƙoƙi: ta ƙura ido, ba ta faɗuwa, ta dawo ba ta san an yi magana ba. Shekara guda ana zane mara lafiya! Magani ake ba irin wannan a asibiti.

Kuskure na biyu: kiran uwa a faɗa mata gaban mutane "ɗanki ba shi da kai". Gobe ba za ka sake ganinsa ba, an kai shi talla ko wajen mai cire iska. Ka same ta ita kaɗai, ka gaishe ta, ka ce: "Inna, yaushe ya fara tafiya? Yaushe ya fara magana? Ya taɓa kwanciya don tamowa?" Yaron da ya wuce wata 18 bai taka ba, ko shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, uwarsa ta fi ka sani. Daga nan ka roƙe ta su je CSI, wato ƙaramin asibitin yankinsu, ka rubuta wa likita abin da ka gani.

Sauran shawarwarin ƙanana ne. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Zaunar da shi gaba, inda zai ga bakinka. Kada ka bari ƴan aji su laƙaba masa suna. Maimaita aji kuwa, in hanyar koyarwar ba ta sake ba, ban ga wanda ya amfana ba.