Yadda ake ware ƙwayoyin yis bisa matakin girmansu

Yis ɗin burodi, Saccharomyces cerevisiae, toho yake yi. Uwa ta fitar da ɗan ƙullutu a gefe, ya girma, ya balle. 'Yar da ta balle ba ta kai uwar girma ba, kuma tana matakin farko da ake kira G1, kafin kwafar DNA. Manufar ita ce a samu ƙwayoyin da duk suke mataki ɗaya, su ci gaba da girma tare. Wannan bambancin girma ne ake kamawa a hanyar elutireshan (ware ƙwayoyi bisa girmansu a injin da ke juyawa, da turin ruwa), wadda na fi yarda da ita domin ba a ɗura wa ƙwayoyin magani.

Da farko ka reni yis a ruwan abinci a zafin digiri 30, ka kwashe shi yana tsaka da ninkuwa. Da gulukos yakan ninka cikin minti 90 ko kusa da haka, amma a rafinos, wani nau'in sukari, 'ya'yan sun fi fitowa ƙanana, sai warewa ta yi sauƙi.

Sannan ka sanyaya shi a ƙanƙara, ka ɗan girgiza shi da na'urar sonikeita, mai raba ƙwayoyin da suka manne da ƙarfin sauti. Kada ka tsallake wannan! Uwa da 'ya sukan manne ko bayan sun rabu, injin kuwa zai ɗauke su a matsayin babbar ƙwaya guda.

Daga nan sai santirifuj, wato injin da ke juya samfur da gudu, mai kan elutireshan, irin JE-5.0 na Beckman. A cikinsa akwai ɗan ɗaki mai siffar mazurari. Juyin injin na tura ƙwayoyi waje, famfo na turo ruwa yana mayar da su ciki. Kamar sheƙar gero ce: mai nauyi ya zauna, marar nauyi ya bi iska. Ka bar gudun injin yadda yake, ka zuba ƙwayoyin da ruwa a hankali har su jeru. Sai ka riƙa ƙara ƙarfin famfo kaɗan-kaɗan, kana tarar kowane kaso a kwalba daban. Ƙananan G1 ne za su fara fita, masu manyan toho a ƙarshe. Gaggawa a nan takan cakuɗa komai.

Ɗiga kowane kaso a gilashi ka duba a maikiroskof, ka ƙirga ƙwaya 200. Kason da kusan babu mai toho a ciki shi ne abin nema.

Mayar da shi sabon ruwan abinci mai ɗumi, kana ɗiban samfur duk minti 15. Ka yi haƙuri idan toho ya yi jinkiri, sai 'yar ta kai wani girma take shiga matakin S, na kwafar DNA. Bayan zagaye ɗaya ko biyu tafiyar tasu takan warwatse, don haka ka gama awonka kafin nan.