Yadda za ki ci moriyar ajin girki da haɗa lemo a Wahaka ta ƙasar Meksiko

Maigidana ne aiki ya kai birnin Meksiko, ni kuma na bi shi. Da taronsu ya watse muka ƙara kwana huɗu, muka hau motar safa ta kamfanin ADO zuwa Oaxaca, wadda masu garin ke kira Wahaka, tafiyar wajen awa bakwai ta cikin duwatsu. Shi kufan Monte Albán yake son gani, ni kuwa tukunya ce ta ja ni. Shekarata goma sha biyu ina girkin biki da suna a Kano, kuma tun da na ji cewa a 2010 UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meksiko cikin kayan gadon duniya nake son in ga hannun da ke yin sa. Na shiga aji biyu a kwana huɗun nan. Na farko asarar kuɗi ne, na biyun har yau ina cin amfaninsa. Da mata 'yan'uwana nake magana, amma namijin da ke shiga madafi shi ma ya saurara.

Fara da zaɓen ajin, domin nan ne na yi tuntuɓe. Na farkon da na biya, mu goma sha huɗu ne, an riga an yanka komai an jera a 'yan kwanuka, aikinmu juyawa da ɗaukar hoto. Awa biyu aka sallame mu. Saboda haka kafin ki biya ko sisi, ki aika saƙo da tambaya uku: mutum nawa ne a ajin, za a je kasuwa tare, kuma ƙullun masarar a nan za a yi ko sayowa ake yi. Idan sun wuce mutum takwas, hannunki ba zai taɓa komai ba. Aji na gaskiya yakan ci awa biyar zuwa shida, daga hantsi har bayan azahar, don haka ki tafi da abin sallarki, ki tambayi inda za ki raɓa. Ki kuma lura da lokaci: a watan Yuli da ake bikin Guelaguetza, da ranakun 1 da 2 ga Nuwamba na bikin tunawa da mamata, garin cika yake maƙil, sai kin kama gurbi tun da wuri.

A cikin saƙon nan ne za ki faɗi abin da ba kya ci, ki faɗe shi ɓaro-ɓaro. Kada ki tsaya ga cewa ba kya cin naman alade, domin a Wahaka kitsensa ya fi namansa yawo. Sunansa manteca. Yana cikin wake da aka soya, yana cikin ƙullun tamal, wato masarar da ake naɗewa a ganye a turara kamar alala, wasu burodin ma da shi ake kwaɓawa. Akwai kuma asiento, wato guggubin da ke kwanciya a ƙasan tukunya bayan an narka kitsen, shi ake shafa wa tlayuda, babbar gurasar masarar da garin ke taƙama da ita. A ajin farko har an miƙo mini ita, na ga wani maiƙo mai duhu a ƙarƙashin waken, na tambaya, aka ce asiento ne. Na mayar, na wuni da yunwa, alhali na rubuta musu tun kwana uku. Tun daga nan na haddace kalmomi huɗu na Sifaniyanci: no como cerdo, ba na cin alade, sin manteca, ban da kitse, sin asiento, sin alcohol, ban da giya. Rubuta su a takarda ki riƙe. Naman yanka irin namu kuwa da wuya ki samu a garin, don haka na nemi a yi mini na ganye da kifi, romon ma na kayan lambu. Malamar aji na biyu, wadda kowa ke kira Maestra, ta amsa mini da cewa za ta ware mini tukunya da ludayi, kuma ta cika alkawari.

Ƙarfe tara muka haɗu da ita a bakin kasuwar Benito Juárez, mu shida. Ki sa takalmi mara tsini, ki riƙe canjin peso, don masu tallan ƙasa ba ruwansu da kati. Kuma ki tsaya kusa da malamar, ko da za a ce kin cika zaƙewa, domin rabin karatun a nan ake yin sa.

Layin barkono ya fi tsayar da ni. Mu a gida mun san attaruhu da tattasai da ɗan tsiduhu, kuma yaji muke nema a jikinsu. Su kuwa busasshen barkono kamar kayan ƙamshi suke ɗaukarsa, kowanne da aikinsa. Ancho mai faɗi ne, yana da zaƙi-zaƙi kamar busasshen inabi. Guajillo ja ne mai santsin fata, shi ke ba miya launi. Pasilla na yankin Mixe da hayaƙi ake busar da shi, kina buɗe buhun za ki ji kamar kin wuce ta gaban mai kilishi. Sai chilhuacle baƙi, wanda ake nomawa a yankin Cañada, mai tsada, shi ne ran baƙar miyar da suke kira mole negro. Maestra ta sa kowannenmu ya lanƙwasa barkono ɗaya a hannu. Mai kyau yana lanƙwasuwa kamar fata, in ya karye ƙaras to ya kwana biyu, a bar wa mai shi.

A kasuwar nan ne kuma na fara jin kamar ina kasuwar Rimi ta Kano. Ga mata zaune da kwandunan fara, ja wur da barkono da lemun tsami, suna kiranta chapulines. Turawan da ke cikinmu suka ja da baya, ni kuwa na sayi awo guda ina tafe ina ci. Ga mazarƙwaila an dunƙula ta kamar hular kwano, sunanta piloncillo. Ga tsamiya. Ga buhunan zoɓo jibge, wanda suke kira jamaica, har mai shagon da ya ji daga Najeriya nake ya nuna mini wani buhu ya ce daga ƙasarku aka kawo shi. Gaskiya ya faɗa, Meksiko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano. Na daɗe tsaye ina kallon buhun nan.

Da kun koma gida aka raba aiki, ki miƙa hannu wajen masara. Kowa rige-rige yake zuwa wajen miya, amma sirrin girkin ƙasar a masara yake. Ana dafa ƙwayar da wani farin gari mai suna cal, dangin farar ƙasa amma na ci, kamar giram 10 ga kilo guda. A tafasa sama-sama, a sauke, a bar ta ta kwana a ruwan, da safe a murje dusar a wanke, a niƙa da danshinta. Wannan aiki shi ne nixtamal, kalmar da ta fito daga harshen Nahuatl, kuma rabin farkonta toka yake nufi, domin da ruwan toka aka fara yi. Shi ke sa ƙullun ya kama jikinsa har a iya faɗaɗa shi bai tsage ba, shi ke kuma sakin sinadarin niacin da ke ɗaure a cikin masara, wanda rashinsa ke kawo cutar fata ta pellagra ga mutanen da masara ce cimarsu kullum. Maestra ta jiƙa tata tun daren jiya. Ta durƙusar da ni gaban metate, dutsen niƙa ne sak irin na kakata a Ɗambatta, sai dai nasu ƙafa uku gare shi. Da ta ga yadda na kama ɗan dutsen sai ta yi dariya ta kira 'yarta ta zo ta gani. Sauran masarar kuma injin unguwa aka kai, a layi, kowa da bokitinsa.

Gasa tortilla, wato siririyar gurasar masarar, ba wuya, amma yana son nutsuwa. Ki gutsuri ƙullu kamar girman ƙwan zabo, ki sa tsakanin leda biyu, ki danne da matsewar katako. Ki kwantar da ita a kan comal, faffaɗan kaskon ƙasa mai zafi, ba mai ko ɗigo. Da gefenta ya fara bushewa ki juya, ki bar wancan ɓarin ya ɗan fi daɗewa har ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna, ki sake juyawa. A juyi na ƙarshen nan take kumbura kamar an hura mata iska. Idan gefen yana tsagewa tun a matsewa, ƙullun na son ruwa, ki jiƙa hannu ki sake murzawa. Tawa ta biyar ce ta fara tashi.

Mole kuwa kada ki sa ran za ki ƙware a rana ɗaya. Ana cewa iri bakwai gare su a Wahaka, baƙin cikinsu yakan ci kayan haɗi kusan talatin: barkono iri-iri, riɗi, gyaɗa, almon, kirfa, kanumfari, soyayyar ayaba, busasshen burodi, cakulan. Mu coloradito muka yi, mai jan ƙasa-ƙasa, ya fi sauƙi. Abin da za ki ɗauko shi ne tsarin. Komai daban ake gasa shi ko a soya shi, ba a haɗa su a wuta ɗaya. Barkonon a cire masa 'ya'ya da jijiya, a ɗora a kasko daƙiƙa kaɗan kowane gefe, da ƙamshi ya tashi a sauke a jiƙa a ruwan zafi. In kika yi sakaci ya yi baƙi, ɗacinsa zai bi tukunyar duka, babu sukarin da zai gyara. Bayan an markaɗa a tace, sannan a zuba markaɗen cikin mai mai zafi a soya shi, ana juyawa har ludayi ya riƙa barin hanya a ƙasan tukunya. Kuma ki wanke hannu da sabulu kafin ki gyara mayafi, wata Bajamushiya da ke gefena ta sosa ido, sai da ta yi rabin awa a bakin famfo.

Sai maganar abin sha, wadda na san ita ce ke sa da yawa cikinmu ja da baya. Yawancin azuzuwan nan da haɗa giya ake rufe su. Wahaka ƙasar mezcal ce, barasar da ake yi da zuciyar tsiron maguey, mai kama da zabuwa, wanda ke shekara bakwai ko takwas kafin a sare shi a gasa a rami. Da shi ko da 'yar'uwarsa tequila ake yin haɗe-haɗen giyar da ake kira margarita da paloma. Ni ba na sha, ba na kuma zubawa wani. Wata za ta zaɓi ta tafi kafin a kai nan, wata ta biya ajin ita kaɗai don kwalbar ma kada ta fito, kowacce da abin da zuciyarta ta natsu da shi. Ni na nemi a fara da nawa, da kayan aiki daban, a wani teburi can gefen rijiya, aka kuma yi mini haka. Ki kiyayi abu uku da za a iya ce miki ba komai ba ne: tepache na ɓawon abarba da pulque na ruwan maguey duk tsimammu ne, sai 'yar ƙaramar kwalbar nan mai ɗaci da ake ɗiga wa lemo, ita ma da barasa ake yin ta. Gishirin bakin kofi ma ki tambaya, don akwai sal de gusano da ake dakawa da tsutsar maguey.

Abin da na koya a teburin nan ya sauya zoɓona gaba ɗaya. Ɗan Maestra ne ya koyar, ya ce kowane haɗi awo ne tsakanin tsami da zaƙi da gishiri, kuma ba a yin sa da ka. Ki dafa zoɓo mai kauri, kofi ɗaya na fure ga kofi huɗu na ruwa, ba sukari. Ki narka mazarƙwaila da ruwa daidai wa daida, da sandar kirfa. Ki gasa yankan abarba a busasshen kasko har ya yi baƙi-baƙi, shi zai ba ki ƙamshin hayaƙin da masu mezcal ke nema. Ki daddage abarbar a gwangwanin girgizawa, ki zuba zoɓo mililita 60, ruwan lemun tsami 30, ruwan mazarƙwaila 20, ki cika da ƙanƙara, ki girgiza har gwangwanin ya yi raɓa a hannunki. Ki goga lemun tsami a rabin bakin kofi, ki dangwala a gishiri da garin barkono, ki tace a ciki. Lemun tsamin a lokacin ake matse shi. Ƙanƙarar kuma ki tabbata ta ruwan gora ce, don ba a shan ruwan famfo a can. Haka muka yi da tsamiya, muka kuma haɗa horchata, wadda a Meksiko da jiƙaƙƙiyar shinkafa da kirfa ake yi.

Ki tafi da ƙaramin littafi. Takardar da za su ba ki awo kawai ke ciki, ba ta faɗin launi ko ƙamshin da ake jira kafin a sauke, kuma shi ne ilimin. Ki rubuta kusa da kowane abu me zai maye gurbinsa a gida. Ki tuna Wahaka tana kan tudu, kusan mita 1,550 sama da teku, wake da masara sun fi daɗewa a wuta a can, don haka ki rage lokacin in kin dawo.

Tsarabar da ta cancanci nauyin jaka ita ce busasshen barkono, kowanne a ledarsa da sunansa a rubuce, sai cakulan na sha, sai matsewar tortilla. Ɗanyen abu da nama ki bar musu, musamman in ta Amurka za ki biyo, kuma duk abincin da ke jakarki ki bayyana shi ga jami'an kwastan. Molinillo, sandar da suke burga cakulan da ita har ya yi kumfa, ban saya ba, don maburgina na miyar kuka yana yin aikin. Cal ne ban samu a Kano ba, sai na koma ga ruwan tokar kara da aka tace sau biyu. Karon farko masarar ta yi laushi fiye da kima, karo na biyu na rage tafasar, ƙullun ya kama. Zoɓon abarba gasasshiya kuwa na fara fitar da shi a wani kamu a Gwammaja, kofi ɗari biyu, gishiri da barkono a rabin baki. Uwar amarya ta aiko a tambaye ni ko da saura.