Ƙara ma mota ƙarfi: wanne za ka yi da hannunka, wanne za ka kai garaji

Duk wanda ya ce yana son ƙara ma motarshi ƙarfi a nan Yamai, tambayar farko da ya kamata a yi mishi ita ce, ƙarfin da ta zo da shi daga kamfani yana nan ma tukuna? Don mafi yawan motocinmu okaziyon ne, sun gama yawo a Turai an ɗoro su ta Kwatano ko Lome, sun zo nan sun sha ƙura sun sha man kwalba na bakin hanya, motar da aka rubuta doki 110 a takardarta wallahi da wuya ka same su duka a cikin moter ɗin yau. To kafin ka fara tunanin turbo, na'urar da ke tura ma moter ƙarin iska, ko a taɓa maka ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa moter, dawo da dawakan da suka ɓace. Kuma abin daɗin, wannan ɓangaren shi ne wanda za ka iya yi da kanka a ƙofar gida.

Moter abu uku yake ci, iska da mai da wuta. Na fetur yana son kamar kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai in an auna da nauyi, duk abin da ya ɓata wannan lissafin zai rage ja ya ƙara shan mai. Fara da iska. Buɗe kapo, cire kilip ɗin akwatin filta, ɗaga filtar ka duba ta a rana, in haske ba ya wucewa ta gama aiki. Sannan ka sa yatsa cikin bututun da ke bayan filtar, ɓangaren da ya nufi moter, ka shafa. In yatsanka ya fito da jan gari to ƙura tana wucewa, ko filtar ta yage ko bakin robarta bai zauna daidai ba, kuma wannan garin shi ke cinye segima, zobban da ke jikin piston, a hankali har mota ta fara hayaƙi shuɗi. Yaran garaji suna son hura ta da kwamfaresa, ba laifi sau ɗaya daga ciki zuwa waje da iska kaɗan, amma in ana yi kullum takardar tana buɗewa. Sayi sabuwa, a lokacin hunturu ma kar ka jira lissafin kilomita.

Nan ne zan yi faɗa da samari. Wannan filtar mai kamar mazurari, ja ko shuɗiya, da ake gani a bidiyon TikTok, sa ta ba wuya, sukurdireba ɗaya ya isa, shi ya sa kowa ke farawa da ita. Ƙara za ka samu, gurnani mai daɗi in ka taka, amma ƙarfi kusan babu. Tana zaune a fili cikin kapo tana zuƙar iska mai zafi daga jikin moter, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi, oksijin ɗinta kaɗan ne, a watan Afrilu da zafin waje kanshi ke wuce 40 sai ka lissafa abin da ke cikin kapo. Kuma ramukanta sun fi na takarda faɗi. Wadda ake shafa ma mai kuma man yana iya ɓata na'urar auna iska da ke bayanta. A ƙasar da ake ruwan sama rabin shekara wataƙila ta yi, a hanyar Tawa a'a.

Sai buji. Wannan aikin ka koya, ba wani abu ba ne, amma a nan ne mutane ke jawo ma kansu kashe kuɗi saboda gaggawa. Bari moter ya huce sarai, da safe kafin ka tada ta ya fi, domin kulas, wato kan moter inda buji ke shiga, na yawancin motocin yanzu alminiyam ne kuma zarenshi yana da laushi in ya yi zafi. Hure ƙurar da ke cikin ramin kafin ka kwance, in ba haka ba ta faɗa cikin silinda. Cire ɗaya bayan ɗaya don kar wayoyin su rikice maka. Kowace ka cire ka kalli bakinta: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau, baƙi busasshe kamar toka mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, baƙi mai maiƙo man moter ne ke hawowa, fari fat kuma zafi ya yi yawa ko mai bai isa ba. Wajen sa sabuwa ka fara murɗa ta da yatsu kawai, ba da hannun kile ba, ta shiga sumul zagaye da yawa. In ta yi tauri tun zagaye na biyu ka tsaya ka fito da ita, ta hau karkace ne. In ta zauna sai ka sa kile ka ƙara kamar rabin zagaye don zoben ƙarfen da ke wuyanta ya matse, shi ke nan, ba sai ka hau da ƙarfinka ba. Lambar bujin ta zama wadda littafin motar ya ce, tazarar bakin yawanci tsakanin milimita 0.8 da 1.1 ce gwargwadon moter. Masu iridiyom suna daɗewa sosai, NGK ko Denso na gaske suna iya kai kilomita 100,000, amma ba sa ƙara doki ko ɗaya a kan sabuwar buji ta talaka, kuma jabunsu sun cika kasuwa, in farashin ya yi araha fiye da kima ka bar ta.

Bidanj da filtar mai da filtar fetur, su ma naka ne in kana da wurin yi. Abu ɗaya dai, kar ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, musamman a kan yashi. Kuma man moter mai kauri 20W-50 da ake zuba ma kowace mota don wai ƙasarmu da zafi, tsohon moter zai sha ba matsala, amma moter mai VVT-i, tsarin da ke canza lokacin buɗewar supap, wato ƙofofin iska na silinda, kamar 1ZZ na Corolla, yana aiki da matsin man ne ta ƙananan ramuka, ba shi abin da littafi ya ce.

Akwai ɗan abu da nake ganin kowane mai mota ya kamata ya mallaka, ƙaramar na'urar ELM327 da ake sokawa a ramin OBD, inda ake karanta ƙwaƙwalwar mota. Ramin yawanci yana ƙarƙashin sitiyari, haƙora 16. Motocin Amurka suna da shi tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001, masu gazuwal tun 2004. Ka haɗa da waya ta Bluetooth, ka sa manhaja kamar Torque ko Car Scanner, sai ta karanta maka dalilin da wutar moter ta kama a tablo. P0300 moter yana tsallake wuta, P0171 iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, P0420 katalizo ne, abin da ke tace hayaƙi a cikin bututun hayaƙi. Ka rubuta lambar kafin ka goge. Ko ba ka iya gyaran ba, shiga garaji da lamba a hannu daban yake da shiga kana cewa "Malam, motar dai ba ta ja."

To yanzu iyakar. Ni ma'aunina guda biyu ne. In aikin yana buƙatar abin awo da ba ka da shi, ko kuma in ka kuskure moter ɗin ne zai biya ba piyes ɗin kaɗai ba, kai garaji. Kuruwar distiribisiyon, wadda ke daidaita motsin piston da supap, tana ciki, haƙori ɗaya ka zame mota ta rasa ƙarfi, a wasu motocin in ta zame da yawa piston ya daki supap. Kulas yana ciki, ƙusoshinshi ana ɗaure su bi da bi da kile mai awo, wasu har sai an ƙara murɗa su da wasu digiri. Injekto na gazuwal irin na Hilux D-4D kuwa ko kusa kar ka je, matsin da ke cikin bututun ya wuce bar 1,000 nesa, man yana iya huda fata ya shiga nama.

Kafin ka biya kowa kuɗin ƙara ƙarfi ka sa a auna maka kwamfaresiyon, wato matsin da ke cikin kowane silinda. Moter na fetur mai lafiya yana ba da wajen bar 10 zuwa 13, kuma bambanci tsakanin silinda kar ya wuce kashi 10 cikin ɗari. In ɗaya ya faɗi ƙasa to maganar ƙari ta ƙare, gyara ne a gabanka. Ɗora ma jakin da ke ɗingishi ƙarin buhu ne.

Sake rubuta ƙwaƙwalwar mota, abin da masu kwamfuta ke yi, yana aiki da gaske amma a kan moter mai turbo, kamar 2KD da 1KD na Hilux, don a nan ana iya ƙara matsin iska da mai tare. A kan Corolla ko Starlet marar turbo abin da za ka samu ba za ka ji shi a ƙafarka ba, kuɗinka kawai za ka bari. Kuma ba aikin da za ka sauke fayil daga intanet ka gwada ba ne, in rubutun ya katse a tsakiya, batir ya yi sanyi ko waya ta motsa, motar ba za ta ƙara tashi ba sai an nemo wata ƙwaƙwalwa an daidaita ta da makulli. Wanda zai yi maka, tambaye shi ko zai ajiye fayil ɗin asali ya ba ka kwafi. In ya fara kame-kame ka ɗau motarka. Ka sani kuma ƙarin ƙarfin zai bi ta ambiriyaj, tsohon faranti zai fara zamewa, kuma gazuwal ɗin da ba ka san inda ya fito ba bai dace da moter da aka matsa ba.

Masu Land Cruiser mai 1HZ, wannan moter mai silinda 6 lita 4.2 da ke ba da doki wajen 130, na san abin da ke damunku, in an yi lodi aka kama hanyar Abalak kamar ba ta tafiya. Ana sa mishi turbo, ana yi, amma ba a gina shi don turbo ba, piston ɗinshi ba su kai na 1HD, ɗan uwanshi da ya zo da turbo daga kamfani, juriya ba. In za a yi, matsin ya zama kaɗan, wanda ya san pomp ɗin injeksiyon shi zai saita mai, kuma lalle a sa agogon auna zafin hayaƙi a tablo. Abin da wasu ke yi na murɗa sukurun pomp kawai don mai ya ƙaru, baƙin hayaƙin da ke fita a baya ba ƙarfi ba ne, gazuwal ne da bai ƙone ba, zafi kuma yana taruwa a kan piston.

Abu biyu kuma da za a ce maka a garaji wai don mota ta ƙara lafiya, ka ce a'a. Na farko cire tarmosta a haɗa fanka kai tsaye. Tarmosta ɗin Toyota yana buɗewa wajen digiri 82, aikinshi ya riƙe moter a zafin da ya dace, in babu shi da safe da lokacin sanyi ƙwaƙwalwa tana ganin moter bai ɗumama ba tana ta ƙara mai. In mota tana zafi to radiyato ne ya toshe da ruwan pampo mai gishiri, ko murfinshi ya daina riƙe matsi, ko pomp ɗin ruwa ya gaji, a nemi wannan. Na biyu katalizo. In ya toshe da gaske yana shaƙe mota, gaskiya ne, amma a cikinshi akwai platinom da paladiyom da rodiyom, akwai masu sayenshi da tsada, shi ya sa wasu ke saurin cewa "Alhaji wannan ai shi ke riƙe maka mota." Ka ce a nuna maka ta awo, in kuma dole a cire, naka ne, a sa maka shi a but.

Wajen ciniki ka raba kuɗin hannu da kuɗin piyes tun farko. Ka je kasuwa da tsohon piyes ɗin a hannunka ko lambar shasi, ko ku tafi tare da yaron garajin. Duk abin da aka cire a maido maka. A yi aiki ɗaya a lokaci guda, ka hau motar kwana biyu ka ji, sannan na gaba, don in an canza abu huɗu rana ɗaya wata matsala ta fito ba wanda zai san daga ina take. Kuma ka cika tanki ka rubuta kilomita kafin aikin da bayan aikin, a hanya ɗaya, misali Yamai zuwa Dosso da dawowa. In motar ta ƙara gudu, birki da tayoyi ma sai an duba su, taya mai shekara 6 da ta sha rana a kan kwaltar Ƙonni da tsakar rana ba ta san ka sa turbo ba.