Yadda Za Ki Gane Ko Nono Yana Isar Jinjiri a Makon Farko

Na yi shekaru ina aikin ungozoma kafin na ajiye, kuma har yau in an haihu a layinmu nan Gwammaja sai an turo yaro ya kira ni. Jinjirin da na tarar yana tsala kuka ba ya tayar mini da hankali kamar wanda ake yabo, ana cewa, "Ai yaron nan haƙuri gare shi, tun asuba yake barci."

Da zafin bazarar da ta wuce, 'yar maƙwabciyata ta dawo gida wanka, haihuwar fari. Ran kwana huɗu na shiga barka. Taga a rufe, ga kaskon garwashi a gefen gado, yaro a naɗe cikin shawul biyu har da hula da safa. Na wanke hannuna na sa ɗan yatsa a bakinsa, na ji shi a bushe, yawun ya yi danƙo. Na ce, "'Yata, sau nawa ya yi fitsari tun jiya?" Ta dubi mahaifiyarta, mahaifiyar ta dube ni. Da muka kwance famfas, kusan a bushe yake, sai ɗan tabo ja kamar garin jan bulo, kashin kuma har lokacin baƙi ne. Nan take aka tsayar da adaidaita sahu muka nufi asibiti. Kwana biyu ya yi a kwance, Allah ya ba shi lafiya. Yana kama nono kullum, amma kan nonon kawai yake tsotsa, kusan babu abin da ke shiga cikinsa.

Ba ki iya ganin abin da ya sha, amma kina iya ganin abin da ya fitar, don haka ƙirga za ki yi. Ranar farko fitsari ɗaya ya isa, rana ta biyu biyu, ta uku uku. Daga kwana biyar zuwa shida kuwa, ya jiƙa tsumma aƙalla sau 6 daga asuba zuwa asuba, fitsarin kuma fari-fari, ba mai duhu da wari ba. Mai jego ba ta riƙe lissafi, ga gajiya ga 'yan barka. Ki ajiye ɗan kofi a gefen gado, duk fitsari ki jefa ƙwayar wake ɗaya, da asuba ki zazzage ki ƙirga. Famfas yana shanye ruwa ya ɓoye, sai ki shimfiɗa ɗan farin ƙyalle mai tsabta a ciki. Kashi ma yana magana: baƙi mai danƙo a kwana ɗaya da biyu, ya koma kore-kore a na uku, zuwa kwana biyar ya zama ruwan ɗorawa, mai laushi. Wancan jan tabon yakan fito a kwana biyun farko ba tare da matsala ba, amma in ya wuce kwana uku, ko kashi ya ƙi sauya launi, nono ba ya isa.

Kada ki tsorata don kin matsa nono ran farko kin ga ɗigo kaɗan. Wannan shi ne dakashi, kuma cikin jinjiri a ranar bai fi ya ɗauki cikin ƙaramin cokalin shayi ba a sha ɗaya. Dakashin nan da wasu ke tatsewa su zubar, suna cewa gurɓatacce ne, shi ne rigakafinsa na farko, shi ke kuma tura baƙin kashi waje, wanda hakan ke rage shawara. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Ruwan nono sosai yakan sauko ne wajen kwana uku ko huɗu, kuma tsotso ne ke kiransa. Ki ba shi sau 8 zuwa 12 a yini da dare. In ya kai awa uku yana barci, ki tashe shi: ki rage masa kaya, ki ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, ki sosa tafin ƙafarsa.

Kamun nono shi ne inda masu haihuwar fari suka fi shan wuya, kuma kunya ke hana su faɗa. Ki zauna ki jingina bayanki, ki juyo da shi cikinsa ya manne da naki, kai da jiki a miƙe, hancinsa daidai kan nono. Ki goga kan nonon a leɓensa na sama, ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki. Kada ki sunkuya ki kai masa. In ya kama daidai, haɓarsa tana taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa. Kumatunsa su cika, ki ji yana haɗiya bayan ja ɗaya ko biyu. In kumatu na lotsawa, ko kina jin tsat-tsat, ko zafi na ratsa ki har ki runtse ido, ki zura ƙaramin yatsa ta gefen bakinsa ki cire shi, ki sake. Kan nono da ya tsage ko ya fito a lanƙwashe alama ce ta mugun kamu, ba abin da za ki daure ba ne. Ki shafa masa ɗigon nononki ki bari ya sha iska.

Ran da ruwa ya sauko, nono kan cika ya yi tauri har jinjiri ya kasa kamawa. Ki gasa da tsumma mai ɗumi, ki tatse kaɗan da hannu har wajen ya yi laushi. Abin da kika tatsa a kofi mai tsabta, ki ba shi da ƙaramin cokali. In nono ya yi ja, yana zogi, ga zazzaɓi, ki je a duba ki, amma kada ki daina shayarwa.

Iyayenmu, Hajiya da Gwaggo, na san tausayi ne ke sa ku ɗauko cokalin ruwa in Kano ta ɗauki zafi. Ku yi haƙuri ku bari. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Ruwa yana cika ɗan cikin nan ya hana shi tsotso, yana kuma kawo gudawa. Zuma ba a ba yaro sai ya shekara. Uwar ce za a ɗura wa ruwa da kunu. A fitar da garwashi, a buɗe taga, a rage naɗi. Maganar cire belu kuwa, na ga jariran da ciwon yankan ya hana su tsotso, wasu suka zubar da jini, shi ya sa ba na goyon bayansa.

A ɗora shi a sikeli cikin makon farko. Raguwa kaɗan ba komai, yakan dawo nauyin haihuwa kafin mako biyu. Amma wanda aka haifa da kilo 3, in ya rasa giram 300, ya kai iyaka. Rashin hawaye kada ya ruɗe ki, jarirai ba sa hawaye a makonnin farko.

In maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya tasuwa, ko ya ƙi nono sau biyu a jere, ko awa shida ta wuce babu fitsari bayan kwana uku, ko jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko ido da fata sun yi rawaya, kada a shafa komai a maɗiga, kada a je kemis, kada a ce sai an yi suna. A tafi asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. Ga Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ga na Murtala, ga na Malam Aminu Kano. A hanya ki riƙe shi a jikinki, in yana iya haɗiya ki riƙa ɗiga masa nono a baki, kuma ki ɗauko famfas ɗin ƙarshe a leda ki nuna wa likita.