Kyanwa na gudawa: kurakuran da masu kiwo ke ta maimaitawa

Tambayar kullum iri ɗaya ce: "Kyanwata na gudawa, wane magani zan ba ta?" Ba a faɗin shekarunta, ba a faɗin ko tana cin abinci, ba a faɗin tun yaushe abin ya fara. Magani kawai ake nema, kuma tun daga nan aka kauce hanya. Gudawa alama ce. Abin da ke bayanta yana iya zama canjin abinci da zai wuce da kansa gobe, yana kuma iya zama cutar da za ta kashe ɗan kyanwa kafin gari ya waye. Kashin kaɗai ba zai gaya muku wanne ne ba, sai kun dubi ita kyanwar.

Ga yadda nake yi. Babbar kyanwa mai ƙoshin lafiya da ta yi kashi mai ruwa sau ɗaya ko biyu, amma tana ci, tana sha, tana wasa, tana lasar jikinta kamar yadda ta saba, ba na ɗaukarta da gudu. Ina sa mata ido. Idan aka yi awa 48 abin bai tsaya ba, sai wurin likitan dabbobi. Idan kuwa amai ya shigo, ko ta ƙi abinci, ko ta shige lungu ta kwanta ba ta son a taɓa ta, to babu zancen jira, ranar za a tafi.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne buɗe akwatin maganin gida. Mutane na ganin kyanwa kamar ƙaramin yaro, wai sai a rage yawan ƙwayar a ba ta. Ba haka jikinta yake ba. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke warware wasu magungunan da mu muke sha ba tare da fargaba ba, kuma farasitamol ne kan gaba. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa. Gubar tana lalata jajayen ƙwayoyin jini su kasa ɗaukar iskar oksijin, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya.

Haka na rasa wani muzuru da na raina tun yana ƙarami. Na yi tafiya na bar shi hannun wani ɗan'uwana. Ya ga gudawa, ya taɓa jikinsa ya ji ɗumi, ya yanke cewa zazzaɓi ne, ya ɓantari rabin ƙwaya ya cusa masa. Bai san cewa zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 ba ne, wato kullum za ka ji ta fi ka ɗumi. Da niyyar alheri ya yi, na sani, amma niyyar ba ta hana komai ba. Akwai makarin wannan guba, sai dai yana aiki ne idan an gaggauta, shi kuwa sai da ya ga fuska ta kumbura sannan ya kira ni. Gudawar da ta jawo wannan duka, wataƙila da an ƙyale ta da ta tsaya da kanta.

Kuma ba farasitamol kaɗai ba ne. Ibufurofen yana cin ciki ya lalata ƙoda. Magungunan gudawa masu ɗauke da bismut, irin su Pepto-Bismol, suna da sinadari ɗan gidan asfirin, wanda jikin kyanwa ke daɗewa bai fitar ba. Imodium yana tsayar da motsin hanji, to idan ƙwayar cuta ko guba ce jiki ke ƙoƙarin korewa, kun kulle ta a ciki ke nan. Sai Flagyl, wanda kowa ya mayar da shi maganin kowane ciwon ciki. Gaskiya ne likitoci na ba kyanwa shi, amma da awo, gwargwadon nauyinta. Idan ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, ka ga kyanwa na tangaɗi, kai ya karkace, idanu na rawa. Don Allah ku bari. In ba likitan dabbobi ne ya rubuta ba, kada ya shiga bakinta, ko da maƙwabcinku ya rantse cewa tasa ta warke da shi.

Kuskure na biyu shi ne hana abinci. Wannan shawarar daga masu kiwon karnuka aka aro ta, wai a bar ciki ya huta kwana ɗaya ko biyu. Kare zai iya jurewa. Kyanwa in ta yi kwanaki ba ta ci ba, jikinta yakan kwaso kitse ya tura wa hanta fiye da yadda hantar za ta iya sarrafawa, kitsen ya taru ya toshe ta. Masu ƙiba ne suka fi shiga wannan haɗari, waɗanda ake cewa ai suna da ajiya, ba abin da yunwa za ta yi musu. Sai ka ga cikin kunne da farin ido sun koma rawaya, jinyar da za a yi ta kwana biyu ta zama ta makonni, har da sa bututun ciyarwa. 'Yan ƙanana kuma sukarin jininsu ne ke faɗuwa cikin 'yan awoyi. Ni ba na hana kyanwa abinci saboda gudawa. Ina rage yawan abin da nake zubawa, in ƙara yawan lokutan, in ba da dafaffen naman kaza zalla na kwana ɗaya ko biyu, ba gishiri, ba mai, ba albasa ba tafarnuwa, domin su biyun nan guba ne ga jininta. Wasu likitocin sun fi son abincin gwangwani na musamman don masu ciwon ciki, ba ni da ja da su. Amma in ita ce da kanta ta ƙi ci har tsawon awa 24, wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa asibiti.

Madara kuwa magana ɗaya ce: yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, saboda haka wanda ya ba mai gudawa madara wai don ta sami ƙarfi, ƙara mata ya yi. Sauya abinci dare ɗaya ma yana kawo gudawa. A riƙa gauraya sabo da tsoho ana ƙarawa a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin kada ya taɓa fatar kyanwa. Ɗura ruwa da sirinji da ƙarfi ga wadda ta galabaita yana iya shiga huhu.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake auna ɗan kyanwa mai wata biyu da ma'aunin babba. Jikinsa ƙarami ne, ruwan da ke ciki kaɗan ne, gudawar wuni ɗaya tana iya busar da shi. Sannan a wannan shekarun ne tsutsar ciki da ƙananan halittu irin su jiyadiya da koksidiya suka fi kama su, ga kuma cutar fanlukofeniya, wadda ƙwayar bairos ke kawowa. Tana cin bangon hanji, tana karya fararen ƙwayoyin jini, tana kashe 'yan ƙanana da yawa, kuma ƙwayar tana iya shekara a wuri ba ta mutu ba. Akwai allurar rigakafinta, ana farawa tun suna da mako 6 zuwa 8. Ɗan kyanwar da ba a yi wa allura ba, ga gudawa ga amai, ba a kwana da shi a gida. In akwai wasu a gidan a ware shi, a raba musu kwano da akwatin yashin da suke kashi da fitsari a ciki, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko ciwon suga su ma a wannan sahun nake sa su.

Sai rashin duba kashin. Na san ba abin sha'awa ba ne, amma ku duba kafin ku kwashe. Ɗan jan jini da majina yawanci daga babban hanji suke. Sau ɗaya a jikin mai kuzari bai kai a firgita ba, in ya maimaitu a tafi. Baƙin kashi mai danƙo kamar kwalta jini ne da ya narke daga can sama, wannan na gaggawa ne. Fararen abubuwa masu kama da ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya gaɓoɓin tsutsa ne da ƙuma ke yaɗawa, in ba a kashe ƙumar ba tsutsar za ta dawo. In kun ga zare ya leƙo daga dubura, kada ku ja. Ɗaya bakin yana iya maƙale a ƙarƙashin harshe ko a ciki, jan zai yanka hanji. Ku duba bakinta ma: dasashi mai lafiya jajaja ne da damshi, in ya bushe yana kama yatsa ruwa ya yi ƙaranci. Ku ɗaga fatar tsakanin kafaɗu ku saki, in ta yi jinkirin komawa haka nan ne.

Akwai ruɗanin da ke kashe muzurai. Mutum zai ga nasa yana ta zarya zuwa akwatin yashi, yana tsugunne yana nishi yana kuka, ya ce ai ciwon cikin ne. Sau da yawa fitsari ne ya toshe. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce, in ta toshe guba na taruwa a jini, cikin kwana biyu ko uku yana iya mutuwa. Ku tona yashin, in babu jiƙaƙƙen wurin fitsari ku fita a daren.

A ɗaya gefen kuma akwai masu sabawa. Kyanwa ta yi wata da watanni kashinta bai taɓa ɗaurewa ba, a ce ai haka cikinta yake. Gudawar da ta wuce mako uku, ko mai tafiya tana dawowa, tana bukatar bincike. A tsohuwar kyanwa mai ci kamar me amma tana ramewa, likita zai fara zargin ciwon tayirod, wani sashen jiki da ke wuya, gwajin jini kuma zai nuna. Yana iya zama kumburin hanji mai daɗewa, ko abincin da jikinta ba ya karɓa, ko ciwon dajin hanji.

In za ku je, kada ku je hannu rabbana. Ku ɗebi sabon kashi na ranar a roba mai murfi, ku ɗauki hotonsa a waya, ku tuna ranar da abin ya fara, sau nawa take yi a wuni, me ta ci, yaushe aka ba ta maganin tsutsa da allura. In kun riga kun ba ta wani magani, ku tafi da kwalinsa ku faɗi gaskiyar yawan da kuka bayar da lokacin. Sannan ku wanke hannu da sabulu duk sanda kuka kwashe yashi, domin wasu ƙwayoyin, irin su salmonela, suna kama mutum, mai juna biyu kuwa ta bar wa wani wannan aikin.