Kurakuran da Muke Yi Idan Muka Je Yawon Buɗe Ido a Andalus

Ranar da na fara zama cin abinci a Cordoba, garin da malamanmu suka sani da Ƙurɗuba, salmorejo na nema. An gaya mini babu nama a cikinsa: tumatir ne da burodi da man zaitun da tafarnuwa, a niƙe su lukwi, a sha da sanyi. Ba a yi mini ƙarya ba. Abin da ba a faɗa ba shi ne, bayan an zuba a kwano sai a barbaɗa yankakken dafaffen ƙwai da wasu jajayen ƙananan yanka a kai. Na ɗaga cokali ke nan abokin tafiyata ya riƙe mini hannu. Jajayen nan jamón ne, busasshiyar cinyar alade da za ka ga an rataye ta jere a saman kantar kusan kowane gidan abinci a kudancin Sifaniya.

Babban kuskurenmu daga nan yake farawa. Mukan taso daga gida zuciya cike da tarihin Andalus, da sunan Ibn Rushd da Ƙurɗubi da Ibn Asim na Garnaɗa, wato Granada, wanda alƙalanmu har yau suke buɗe littafinsa Tuhfa, sai mu manta cewa mulkin Musulmi a can ya ƙare tun 1492. Gine-ginen suna nan, amma tukunyar da agogon na Sifaniyawan yau ne, kuma da su za ka yi mu'amala daga safe har dare.

Kada ka ce wa mai kawo abinci "ba na cin nama" ka tsaya a nan. A wurin da yawa daga cikinsu jamón ba ya shiga lissafin nama, kayan ƙarin ɗanɗano ne kamar yadda muke kallon daddawa. Ambaci abin da sunansa: sin cerdo, wato ban da alade, sannan sin jamón. Idan kana shakka ka nuna abincin ka ce lleva cerdo, ma'ana akwai alade a ciki? Ka kuma haddace waɗannan kalmomi, domin duk daga dabba ɗaya suka fito: chorizo, morcilla, tocino, panceta, da lomo idan ba a ce na kifi ko na sa ba ne. Croquetas, waɗannan 'yan dunƙule masu kama da ƙosai dogo, galibinsu da jamón ake yi, sai ka nemi na kifi ko na alayyafo. Wanda ya fi kama mutane kuma shi ne manteca, kitsen alade da ake murzawa cikin kayan fulawa. Mantecados da polvorones, kayan zaƙin da suke cika shaguna idan Kirsimeti ta gabato, da shi aka saba yin su. Na sha ganin an sayo kwali-kwali a matsayin tsaraba ba tare da an juya bayan kwalin an karanta ba. Akwai waɗanda ake yi da man zaitun, za ka ga an rubuta aceite de oliva.

Sai giya, wadda ba a kofi kaɗai take ba. Rabo de toro, wutsiyar sa da Cordoba take alfahari da ita, a cikin jar giyar inabi ake dafa ta har ta yi laushi, ga kuma batun yanka. Miyar da ake yi wa wasu kayan teku ma akan zuba mata farar giya. Duk inda ka ga al vino, ko al Jerez, ko Pedro Ximénez a ƙarshen sunan abinci, to da giya aka haɗa shi.

A kofi kuwa, ido yana yaudara. Da rana za ka ga kusan kowane tebur da wani jan ruwa mai ƙanƙara da yankan lemon tsami, kamarsa ɗaya da zoɓo. Tinto de verano ne, giyar inabi da aka sirka da lemon kwalba. Sangría ma haka take. Akwai mosto, wanda a yawancin wurare ruwan inabi ne zalla kuma yara ma suna sha, amma a ƙauyukan yammacin Sevilla da yankin Jerez sunan nan na sabuwar giya ne da ta riga ta tsimu. Don haka ko mosto za ka nema ka ƙara da sin alcohol. Mafi sauƙi shi ne zumo de naranja, lemon zaƙi da ake matsewa a gabanka, ko ruwa. Tun 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema, sunansa agua del grifo.

Kuskure na gaba kishiyar wannan ne, kuma shi ya fi ba ni takaici. Mutum ya ji tsoron alade da giya, sai ya ƙare kwana biyar yana cin shawarma da dankalin turawa safe da yamma, ya dawo yana cewa Turawa ba su da abinci. Alhali ga espinacas con garbanzos na Sevilla, alayyafo da wani wake mai ƙamshin wani kayan yaji da ake kira kamun. Ga berenjenas con miel, yalo da aka yanka siriri aka soya aka ɗiga masa baƙar zumar rake. Ga tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankali mai kauri. Ga soyayyen kifi iri-iri da suke kira pescaíto frito, da gazpacho mai sanyi wanda ake kurɓa kamar kunu. A Granada akwai al'ada mai daɗi: idan ka sayi abin sha, ko da lemo ne, a wurare da yawa za a haɗo maka da ɗan faranti na abinci kyauta. Tun kana ba da oda ka faɗi cewa ba ka cin alade, kafin a zaɓo maka. Idan kuma nama kake marmari, hau titin Calderería Nueva a ƙasan unguwar Albaicín, inda Larabawan Maroko suke da gidajen shayi da na abinci na halal.

Agogonsu ma daban ne. Wanda ya fito neman abincin rana da ƙarfe 12 zai tarar ba a ɗora tukunya ba, domin sai wajen ƙarfe 2 ake zama, a kai har 4. Daga nan ɗakunan girki da yawa sukan rufe sai bayan 8 na dare, kuma 'yan gari ba sa fitowa sosai sai 9 ta wuce. Duk gidan da ka gani a buɗe da ƙarfe 6 na yamma, da hotunan abinci a allo da wani a ƙofa yana yafito ka, don baƙi aka buɗe shi, kuma kuɗin baƙi za ka biya. Ka mayar da cin rana babban cinka, ka nemi menú del día, abinci kala biyu da kayan zaƙi da abin sha a farashi ɗaya. Sallah ma ta bi wannan agogo: a tsakiyar bazara azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe 2, magariba kuwa sai wajen 9 da rabi.

Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Granada, ita ce dalilin zuwan yawancinmu, kuma ita ce aka fi rasawa. Ba wurin da za ka tashi da safe ka je ka yanki tikiti a ƙofa ba ne. Adadin masu shiga ƙayyadadde ne, a lokacin cunkoso tikiti yakan ƙare makonni kafin ranar. Ka saya tun kana gida, daga shafin hukumar da ke kula da fadar, kuma ka tabbata wanda ka saya ya haɗa da Palacios Nazaríes, fadojin sarakunan Banu Nasr. Akwai tikiti mai rahusa na lambuna da ganuwa kawai, mutane sukan saye shi bisa kuskure. Tikitin yana ɗauke da sunanka, don haka ka riƙe fasfo. Lokacin da aka buga a jikinsa na shiga fadojin ne, ba na shiga babbar ƙofa ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai ɗan nisa. Wanda ya makara ba a ɗaga masa ƙafa. Idan ka samu shiga, ajiye wayar na ɗan lokaci. Mu da muka yi karatun allo muna da abin da yawancin masu yawon ba su da shi: muna iya karanta bangon. "Wa la galiba illallah" tana nan an sassaƙa ta a filasta sau ba adadi, a saman ƙofofi da kewayen ɗakuna har farfajiyar zakuna 12 da aka gina zamanin Muhammad na Biyar.

A Cordoba akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a shiga, don kada rai ya ɓaci. Babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785 ya koma coci tun 1236, kuma a ƙarni na 16 aka gina majami'a sukutum a tsakiyarsa. Ginshiƙansa fiye da 850 suna nan, mihrabin Alhakam na Biyu yana nan da adonsa na zinariya, amma ba a yarda Musulmi ya yi sallah a ciki ba, masu gadi sukan tsayar da duk wanda ya tayar da kabbara. Abin yana da zafi a zuciya, na ji shi a tawa. Sai dai jayayya da mai gadi ba za ta sauya komai ba, don ba shi ya kafa dokar ba. Yi sallarka a masauki ko a ƙananan masallatan garin. Ka kuma ware rabin yini don Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya gina kimanin kilomita 8 yamma da gari. Ba a buɗe ta ranar Litinin.

Kada a ce mu 'yan Sakkwato ne ko Maiduguri, zafi ba baƙonmu ba ne. A watannin Yuli da Agusta Sevilla da Cordoba sukan haura digiri 40, kuma a gida ba ma yini muna taka duwatsu da ƙafa a tsakar rana. Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi, sai dai makon Ista da bikin Feria na Sevilla sukan sa kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabo. Sannan kada jirgin ƙasa mai gudu ya ruɗe ka: don Sevilla zuwa Cordoba bai kai awa ɗaya ba, ba shi ke nufin a haɗa garuruwa uku a kwana biyu ba. Kowanne ya cancanci kwana biyu nasa. A kusa da manyan majami'u kuma za ka haɗu da mata suna miƙo maka reshen wani ganye mai ƙamshi kamar kyauta. Da ka karɓa za a kama tafinka a fara yi maka duba, a ƙare da neman kuɗi. Ka ce no, gracias, ka wuce abinka.

Idan da hali, tsara tafiyar yadda Juma'a za ta same ka a Granada. A can saman Albaicín, dab da dandalin San Nicolás inda jama'a suke cincirindon ɗaukar hoto, akwai babban masallacin garin da aka buɗe a 2003. Hawan yana da wuya, lunguna ne masu tudu da duwatsu, ka sa takalmin da ba ya zamewa ka kuma fito da wuri. Lambun masallacin yana fuskantar Alhambra kai tsaye, tsaunukan Sierra Nevada a bayanta, kuma a nan babu turereniyar da ake yi a dandalin.