Kafin ka sauke dish: kurakuran da ake yi da akwatin kallo na intanet

A gidajen Hausawa da yawa a Makka da Jidda, yanzu za ka tarar an soka Fire TV Stick ko Mi Box a bayan talabijin, risiba kuwa tana gefe ta sha ƙura. Abin yana da daɗi, amma mutane na yawan yin kuka bayan mako biyu, kuma galibi laifin ba na na'urar ba ne.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa an sayi tashoshi. Na'urar ƙofa ce kawai. YouTube kyauta ne, a nan ma ake samun yawancin finafinan Hausa, amma Netflix da TOD da ɓangaren kuɗi na Shahid kowanne da nasa biyan wata. Ka zauna ka lissafa abin da gidan ke kallo da gaske, ka biya guda ɗaya ko biyu. In ba haka ba sai ka ga kuɗin ya zarce na da.

Sai maganar data, wadda ta fi cin mutane. Netflix na iya shan har giga 3 a awa ɗaya a HD, 4K kuwa har giga 7. Wani maƙwabcina ya haɗa akwatinsa da intanet ɗin wayarsa, yara suka wuni suna kallon katun, kafin Juma'a ta zagayo komai ya ƙare, ya zo yana cewa kamfani ne ya cuce shi. In gidan ba shi da faiba ko rauta mai data marar iyaka daga stc, Mobily ko Zain, shiga saiti ka rage ingancin hoto, ka kuma kashe abin nan da ke kunna bidiyo na gaba da kansa.

Hoto na tsayawa yana juyi? Duba inda rauta take. Bangon gidajen nan siminti ne mai kauri, siginar Wi-Fi ta 5GHz kuma ba ta ratsa shi sosai duk da ta fi sauri. In akwai ɗakuna biyu a tsakani, koma siginar 2.4GHz ko ka ja wayar intanet daga rauta. Kada kuma ka ba sandar Fire TV wuta daga ramin USB na talabijin. Shi ke sa ta riƙa mutuwa tana tashi. Yi amfani da cajarta.

Akwatunan nan marasa suna da ake tallata su da "tashoshi dubbai, biya sau ɗaya", araha ce da ba ta ado. Tashoshin na sata ne, ran da aka rufe su ba wanda za ka riƙe, kuma da yake ba su da lasisin Netflix, hoton yakan fito dishi-dishi ko da talabijin ɗinka 4K ce.

Ni nawa kuskuren sauke dish ɗin ne gaba ɗaya. Washegari da asuba Hajiya ta danna rimot ba ta ga Harami ba, ta ce, "Kai, ina ka kai mini Ka'aba?" Tashar Alƙur'ani ta Makka da ta Sunna ta Madina kyauta suke a Arabsat da Nilesat, ba ruwansu da data. Na mayar da risiba a HDMI 1, akwatin a HDMI 2, na manna ɗan farin tef a kan maɓallin da za ta danna.